Wayar Da Aka Yi Don Ta Ƙone

Jama'a masu sauraronmu a cikin garin Lafia da kewaye, daga Shabu zuwa Mararrabar Akunza, daga Kwandere zuwa hanyar Doma, barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau zai tsaya ne a gindin taransifoma, wurin akwatin nan na ƙarfe da ma'aikatan wuta ke kira fida fila. Da yawanmu mukan wuce shi safe da yamma ba mu ko waiwaya. Amma ranar da wuta ta ƙetare iyaka, abin da ke cikinsa ne zai raba gardama: ko unguwa ta kwana ɗaya a duhu, ko ta yi wata uku tana karo-karo, ko kuma, Allah ya kiyaye, a wayi gari da jana'iza.

Waɗanda suka daɗe a garin nan sun san irin wutar da muka sha fama da ita. An ƙirƙiri Jihar Nasarawa a 1996, Lafia ta zama babban birni, amma ta shafe fiye da shekara ashirin tana dogaro da wani dogon layin kilobolt 33 da ke tasowa daga Akwanga, tafiyar kusan kilomita sittin. Kafin wutar ta iso ta gaji. Kwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, mai walda ya tada janareta alhali ga wuta a layi. A watan Fabrairun 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo ya buɗe tashar Akurba da ke hanyar Shendam, wadda kamfanin NDPHC ya gina. An shigo da babban layin kilobolt 330 da ke bi tsakanin Makurdi da Jos, aka girka manyan taransifomomi biyu masu MVA 150 kowace, da wasu biyu masu 60. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma masu injin casar shinkafa da masu sayar da ƙanƙara sun fi kowa sanin bambancin.

Sai dai wuta mai ƙarfi tana zuwa da sharaɗinta. Dole a samu abin da zai tsayar da ita idan ta yi yawa, kuma ya tsayar da ita a kan lokaci.

Kowace waya da kowace taransifoma tana da iya nauyin da aka yi ta don ta ɗauka, ana auna shi da amfiya. Ta hanya biyu wuta ke wuce wannan iyaka. Ta farko sannu a hankali take zuwa, wato lodi ya yi yawa. Unguwar da aka sa wa taransifoma tana da gida ɗari yanzu ta ninka, ga firiza, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga injin niƙa, ga famfon burtsatse a kowane gida na uku. Ta biyu farat ɗaya take zuwa: iska ta haɗa waya da waya, reshen mangwaro ya faɗo a kan layi, ɓera ya shiga akwati, ruwa ya ratsa kebul. A nan amfiya ɗari kan zama dubbai cikin ƙiftawar ido. Kuma zafin da waya ke yi ya fi wutar saurin hawa. Idan wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Idan ta ninka sau goma, zafin ya ninka sau ɗari. Shi ya sa robar jikin waya kan kama da wuta kafin mutum ya kai bakin ƙofa.

Maganin farko da masana suka samo tun ƙarni na 19 shi ne fis. Da gangan ake saka wata 'yar waya mai rauni a kan hanyar wutar, domin in abu ya ɓaci ita ta ƙone, sauran su tsira. Duk wanda ya taɓa fasa fis ɗin fida fila na ainihi zai ga ba ƙaramin tunani aka zuba a ciki ba. Kwansonsa na tangaran ne mai kauri. A ciki akwai siririn falle na azurfa ko jan ƙarfe, an rage masa faɗi a wurare da dama, nan ne zai fara narkewa. Kewaye da fallen an danƙara farin yashi mai tsabta. Dalilin yashin kuwa, lokacin da fallen ya tsinke wutar ba ta haƙura nan take, takan tsallake gurbin da wani harshe mai zafin narkar da ƙarfe. Yashin ne ke shanye zafin, ya kashe harshen a cikin kwanson ba tare da ya fito waje ba. A jikin kwanson an buga lamba, 200 ko 315 ko 400, iya amfiyar da zai ɗauka ke nan.

To mu je mu leƙa akwatunan unguwanninmu. Ban ce duka ba, amma wanda ya zaga ya san abin ya wuce ɗaya ko biyu. Ƙofar akwatin ta ɓalle, ko an ɗaure ta da guntun waya. Ciki ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. A gurbin da fis ya kamata ya zauna, an fere kebul an zaro silin jan ƙarfe an nannaɗa, sili biyar, sili takwas, gwargwadon yadda mai naɗin ya ga dama. In ya tsinke gobe, a ƙara biyu. In ya sake tsinkewa, a ƙara uku, har a kai inda ba ya tsinkewa, sai unguwa ta ce yanzu aka samu wanda ya iya aiki. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wurin ido bai san kima ba, domin babu injiniyan da zai kalli naɗin waya ya faɗa maka a amfiya nawa za ta narke.

Fis ɗin da ke tsinkewa sau uku a mako yana nuna cewa layin ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ko akwai ciwo a wani wuri. Idan aka hana shi tsinkewa, zafin bai je ko'ina ba. Ya koma kan kebul ɗin da ke hawa falwaya, ya koma cikin taransifomar kanta. Taransifoma mai KVA 500, irin wadda ake yawan gani a unguwanni, iyakarta kusan amfiya 700 ne a kan kowane layi cikin ukun. A cikinta wayoyi naɗe suke da takarda ta musamman, jiƙe cikin mai. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa duk ƙarin zafi na digiri shida zuwa takwas sama da ƙa'ida yana rage rabin kwanan takardar nan. Ke nan na'urar da aka ƙera don ta yi shekara ashirin ko fiye tana iya tsufa cikin 'yan shekaru. Ranar da ta buga sai ka ji ana cewa haka kawai ta tashi, alhali ta daɗe tana dahuwa kowane dare tun daga magariba.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ke ƙara wa abin nauyi. Gida mai katawut uku a jikin bango, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Da layi ɗaya ya ɗauke, kowa ya fito da tocila ya zare fis ya mayar kan layin da ke da wuta. Kafin rabin awa, nauyin da aka raba wa layi uku ya taru a kan biyu, daga nan ya taru a kan ɗaya. Na san uzurin, kuma ba na raina shi. A zafin watan Maris na Lafia, ga yara na kuka, ga kayan sana'ar uwargida a firiza, ba wanda zai zauna yana kallon fitilar maƙwabci. Amma ɓangare guda na taransifomar ne ke biyan wannan bashin, shi ya sa sau da yawa layi ɗaya ke fara mutuwa.

Fida fila mataki ɗaya ne kawai a cikin jerin matakai. A gidanka akwai ƙananan bireka a cikin akwatin bango, irin waɗanda wani Bajamushe, Hugo Stotz, ya yi wa rajista a 1924, sannan akwai katawut kusa da mita. Sama da taransifoma akwai fis uku a kan falwaya, masu siffar sanda, waɗanda in sun ƙone sai ka ga sandar ta saki tana reto. Daga nan layin kilobolt 11 ya tafi ƙaramar tashar rarraba wuta, inda babban bireka yake, sama da ita layin 33, har a kai Akurba. Tsarin kamar na sarautarmu ne. Rigimar da ta tashi a gida, maigida ya kamata ya kashe ta. In ta fi ƙarfinsa, mai unguwa. In ta wuce nan, dagaci, sannan hakimi, ba a kai fada sai an rasa yadda za a yi. Haka ake jera masu tsaron wuta: wanda ya fi kusa da matsalar shi zai fara yankewa, na samansa ya ɗan jinkirta, kamar kashi uku ko huɗu cikin goma na daƙiƙa, ko na ƙasa zai gama aikin. Idan aka naɗa jan ƙarfe a fida fila, an cire mai unguwa daga tsarin. Sai haɗuwar waya a lungu ɗaya ta tafi kai tsaye ta kada babban layi, asibiti da kasuwa da gidan ruwa duk su shiga duhu saboda laifin da ba nasu ba.

Wanda ya taɓa shiga ɗakin kula da layuka a irin waɗannan tashoshi zai ga jerin manyan akwatunan ƙarfe, kowane da sunan layinsa. A goshin kowane akwai wata na'ura da ake kira rile. Wutar layin ta fi ƙarfin a shigar mata kai tsaye, don haka akwai wata 'yar taransifomar awo da ke rage ta, misali amfiya 400 ta koma 5 ko 1, rile ta riƙa karantawa dare da rana. An saita ta yadda in wutar ta ɗan haura za ta yi haƙuri na wasu daƙiƙoƙi, in ta haura sosai ta yi gaggawa, in haɗuwar waya ce mai tsanani ta yanke nan take. Ita rile ba ta yanke wuta da kanta, umarni take ba bireka. Umarnin kuma da wutar batir yake tafiya, domin a daidai lokacin da layi ya samu matsala ba a iya dogara da wutar layin. Shi ya sa a wani ɗaki na gefe za ka tarar da batura jere a kan kanta. Idan baturan nan suka mutu ba a kula ba, rile za ta ga haɗari, ta ba da umarni, bireka ya tsaya ƙyam bai motsa ba. Tashar da aka kashe wa miliyoyi tana iya ƙonewa saboda batir.

Da layi ya faɗi, ma'aikacin da ke bakin aiki zai duba abin da rile ta nuna, lodi ne ko wuta ce ta zube ƙasa, ya rubuta lokaci a littafi. Yakan jira 'yan mintuna ya gwada mayarwa, domin sau da yawa reshe ne ya taɓa ya saki. In ya sake faɗuwa, ƙa'ida ita ce a bar shi a kashe, a tura masu bin layi su nemo inda ciwon yake. A wannan tsakanin wayarsa ba ta hutawa, manya na kira, ƙanana na zagi. Ina roƙon masu sauraro su fahimci cewa ma'aikacin da ya ƙi mayar da wuta a karo na uku yana iya zama shi ne ya ceci wani yaro a bakin hanya. Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne matsin ya kai a ɗaga saitin rile don layi ya daina faɗuwa. Wannan da ƙara sili a fida fila duk abu ɗaya ne, sai dai na tasha ya fi faɗin ɓarna. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A bisa alkawarin awa ashirin a rana, kowa awoyi yake ƙirgawa. Ya kamata a samu mai ƙirga ranar da aka gwada rile da batir na ƙarshe.

Akwai wani batu da ya shafi Lafia musamman. Lokacin da muke ƙarshen layin Akwanga, tsawon layin kansa yana rage ƙarfin wutar da za ta kwararo idan waya ta haɗu. Yanzu tushen wutar na bakin gari. Haɗuwar wayar da a da za ta jawo wuta kaɗan, yau za ta jawo mai yawa ƙwarai, domin babu nisan da zai tauye ta. Duk bireka da duk fis yana da iyakar abin da zai iya yankewa lafiya, in aka wuce nan shi kansa fashewa yake yi. Ilimin aikin ya ce duk lokacin da tushen wuta ya canza, sai an sake lissafin saitin kowace rile, an duba ko tsofaffin na'urori za su iya da sabon ƙarfin. Haƙƙin jama'ar Lafia ne su ji daga bakin TCN mai kula da manyan layuka da AEDC mai rarraba wuta cewa an yi wannan lissafi layi bayan layi, kuma ana sabunta shi yayin da garin ke faɗaɗa ta wajen Gandu da Shabu da hanyar Makurdi.

Sai maganar wayar da ta tsinke ta faɗo, wadda ita ce ta fi ɗaukar rai. Ranar 20 ga Afrilu, 2017, a Kalaba, wayar babban layi ta faɗo kan rufin wani gidan kallon ƙwallo ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum bakwai suka rasu. A farkon Satumban 2023, a unguwar Gwargwaje ta Zariya, cikin dare, wayar babban layi ta faɗo kan ƙananan wayoyin da ke shiga gidaje. Wutar dubban bolt ta bi soket da makunni ta shiga ɗakunan mutane, aka rasa rayuka, dukiya ta ƙone. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tambayar da injiniya ke fara yi a irin wannan rana ita ce, daƙiƙa nawa wayar ta yi da wuta a jikinta bayan ta faɗi? Matsalar ita ce, wayar da ta faɗi kan kwalta ko busasshiyar jar ƙasa a tsakiyar rani ba lallai ta ja wuta mai yawa ba. Rilen da ke jiran lodi ya yi yawa sai ta ɗauka komai lafiya. Don haka ake saka wata daban mai kula da wutar da ke zubewa ƙasa, ita kuma ba ta aiki da kyau sai wayar da aka binne a gindin taransifoma tana nan da ranta. Wannan wayar ta jan ƙarfe ce, kuma ita ɓarayi ke fara yankewa. Wanda ya sace ta ya sayar a kilo, ya bar unguwa guda ba kariya, kuma ba mai ganewa sai ranar da abin ya faru.

Kada a ɗauka ina cewa yankewar wuta alheri ce a kowane hali. Ranar 21 ga Oktoba, 2024, layukan kilobolt 330 guda biyu da ke tsakanin Ugwuaji a Enugu da Apir a Makurdi suka faɗi. Lafia da Jos da Bauchi da Gombe da Kaduna da Kano suka shiga duhu, sai 30 ga wata aka fara dawo da wuta. Bireka sun yi abin da aka sa su, sun ware layin da ya lalace. Abin da ya tsawaita wahalar shi ne babu wata hanya, domin layin Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi. Na'urar kariya tana hana gobara da asarar rai, amma samar da hanya ta biyu da gaggawar gyara aikin hukuma ne.

Nan ne nake ganin kaso mafi girma na nauyin yana wuyan kamfanin rarraba wuta. Ba don sha'awa mutane ke kiran yaron unguwa ya naɗa waya ba. Sun kai ƙorafi ne sun ji shiru, ko an zo an ce babu fis a sito. Da aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, AEDC aka ɗora wa alhakin Nasarawa tare da Abuja da Neja da Kogi, kuma hukumar NERC ta sha nanata cewa saye da gyaran taransifoma da falwaya da kebul ba aikin mai biyan kuɗin wuta ba ne. Kuɗin fis bai kai ko kusa da kuɗin taransifoma ba. Kamfanin da ya wadata ofisoshinsa da fis na ainihi, ya sa wa akwatuna ƙofa da kwaɗo, ya sare rassan da ke kan layi kafin iskar farkon damina ta Afrilu, kansa ya yi wa tanadi. Ita ma hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin kayan wuta da ba masu haɗa waya shaidar ƙwarewa, muna son mu riƙa ganin jami'anta a gindin taransifomomin unguwa, ba sai ranar buɗe sabon aiki ba.

A cikin gida kuma, malam mai sauraro, idan bireka na yawan faɗuwa kada ka yarda mai gyara ya cire na amfiya 20 ya sa maka na 63 a kan waya iri ɗaya. Girman bireka da kaurin waya tare suke tafiya. Butar dafa ruwa mai wat 3,000 ita kaɗai tana jan amfiya 13, iyakar abin da soket ɗaya ke ɗauka ke nan, balle a haɗa ta da dutsen guga a kan 'yar wayar ƙari mai araha. 'Yan kasuwa su fi kowa kiyayewa, domin shago a kulle yake kwana, ba mai jin ƙaurin roba. Sannan a sani cewa bireka na yau da kullum waya yake karewa. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya tsayar da zuciyar mutum, bireka mai amfiya 32 ko gezau ba zai yi ba. Mai kare rai wani ne daban, mai yankewa da zarar miliamfiya 30 ta zube, kuma yana da maɓallin gwaji a jikinsa. Gidan da ke da hita a banɗaki ko famfon burtsatse ya nemi a saka masa. Mai janareta kuma ya sa makunnin sauya layi na ƙwarai, kada wutarsa ta koma kan falwaya ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a kashe yake.

Iyayenmu masu unguwanni, ranku ya daɗe, ku ne kuka fi kusa da akwatunan nan. Idan taransifomarku na yawan cin fis, ku rubuta wa ofishin wuta takarda, ku riƙe kwafi, ku nemi a zo a auna lodin layukan uku da misalin ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa, a sake rarraba gidaje a kansu in sun karkata. Ku hana yara da masu talla zama a gindinta. In waya ta faɗo, a ɗauka tana da wuta ko da gari duk duhu ne, a tare hanya daga nesa, a kira ofis. Ranar da ma'aikaci ya zo gyara kuma, a nemi ya nuna fis ɗin da zai saka, a karanta lambar da ke jikinsa, a rubuta ta a littafin unguwa tare da kwanan wata.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau.